Shekarar da Bulus Ya Dawo Mini da Diga

Rahila da Istifanus, tun kuna ƙanana kuke tambayar mahaifiyarku me ya sa kawunku Bulus ba ya shigowa gidanmu. Yakan zo a kan babur ɗinsa daga Miri, ya tsaya a ƙofa, ya aiki ɗayanku ya kira ta, su gaisa a tsaye, ya miƙa mata masara ko gyaɗar da ya kawo, ya juya. Ita kuma takan ce muku sauri yake yi. Da kuka girma kun ji wasu bayanan a bakin mutane, wai gona ce ta haɗa mu, wai na ci mutuncinsa a gaban dattawan ikilisiya. Babu gona a ciki, ban kuma taɓa zaginsa ba. A kan ramin kabari muka rabu, kabarin mutumin da ba danginmu ba ne, ba ma ɗan arewa ba. Tunda yanzu mahaifiyarku ba ta nan, ni kuma kullum gaba nake yi, gara ku ji daga bakina yadda abin ya kasance, ku daina ɗora wa gonar Miri laifin da ba nata ba.

A lokacin ina koyarwa a firamare, na riga na wuce shekarun da za a kira ni matashi ba a yi murmushi ba. Duk da haka dattawa suka ce ni zan shugabanci zumuntar matasa a cocinmu na Yelwa, wai don ina da haƙuri. Gaskiyar magana, duk wanda aka tambaya kafin ni ƙi ya yi. Na tarar matasan sun fi ƙarfin taro ɗaya, sai na raba su rukuni-rukuni, kowanne da jagoransa. Akwai mawaƙa, akwai masu fita bishara ƙauyuka, akwai masu share coci da jera kujeru. Waɗannan kun san su, har yanzu suna nan. Rukunin da ba ku tarar ba shi ne na masu haƙa. A wancan lokaci idan wani ya rasu a ikilisiya ba a kiran lebura, domin kiran lebura yana nufin mamacin ba shi da mutane. Matasa ne ke fita makabarta da sassafe da diga da shebur da kwanon sarki su haƙa. Ƙasar wurin kuma ba ta wasa ba ce, kana cire jar ƙasar da ke sama sai ka tarar da marmara, da bazara diga tana dukanta tana dawo maka. Suna da ƙa'idodinsu da suka gada daga na gabansu. Wanda aka yi wa mutuwa ba ya haƙa wa nasa komai ƙarfinsa, aikinsa shi ne ya kawo wa masu haƙa kunu da ruwa da hannunsa. Ba a kuma miƙa wa mutum diga hannu da hannu a bakin rami. Idan ka gaji sai ka fito ka kwantar da ita a ƙasa, wanda ya ga zai iya ya ɗauka, don kada a ce an tilasta wa wani.

Bulus na sa jagoran wannan rukuni. Ƙanin mahaifiyarku ne uwa ɗaya uba ɗaya, a hannunmu ya girma tun farkon aurenmu, a ɗakin da daga baya ya zama naka, Istifanus. Ya koyi gini, kafaɗunsa suka buɗe, bakinsa dai bai buɗe ba. Mutum ne da za ku yini tare bai ce komai ba sai "to". Ina tsokanarsa yadda ake tsokanar ƙanin mata, ina kiransa sarkin rami, ina cewa duk yarinyar da za ta aure shi sai ta saba da jar ƙasa a kan tabarma. Shi kuma yakan ce alli kaɗai na iya riƙewa. Bai yi mini ƙarya ba. Duk shekarun da na yi ina shugabancinsu kafin wannan rikici ban taɓa shiga rami ba. Nakan je in buɗe da addu'a, in koma inuwar dogon yaro ina ba su ƙarfin gwiwa. Ba wanda ya ga abin magana a ciki, tunda gidana ya riga ya ba da Bulus.

Ƙorafinsu ya daɗe yana taruwa kafin ya fito fili. Fuskoki ɗaya ne kullum a makabarta, magina da 'yan acaɓa da masu noma a Miri. Ranar jana'iza mawaƙa su zo cikin fararen riguna su tsaya a gaba, fasto ya gode musu, masu haƙa kuwa suna can baya da ƙasa har gashin ido, suna jiran a gama su rufe ramin. Ɗaliban jami'a kullum suna da lacca. 'Yan kudu da ke cikinmu, masu shaguna a kasuwa da Gwallaga, ba sa ma ganin abin ya shafe su, domin su ba a binne su a Bauchi, a mota ake sa gawarsu a kai ta garinsu komai nisa. Abin ya fashe ne bayan jana'izar wata tsohuwa wadda jikokinta maza ba su taɓa haƙa wa kowa ba, ranar tasu kuma suka aiko da ruwan leda a keke, ba wanda ya leƙo ramin. A taron da ya biyo baya Bulus ya miƙe tsaye, abin da bai saba yi ba.

"Gidan da ke da saurayi mai lafiya, bai taɓa turo shi haƙa ba, kada su neme mu ranar tasu."

Aka yi tafi, aka ɗaga hannu, aka amince. Ni da bakina na sanar da dokar a sujadar Lahadi, da Hausa da Turanci. Na yi zaton tsoro za ta ba mutane su fito, ta kuma ɗan yi hakan, an ga sababbin fuskoki na wani lokaci. Bayan sujadar na tare Emeka, jagoran mawaƙa, mai kaɗa fiyano. Yaron kirki ne, a Bauchi aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan ƙauyenmu.

"Ka ji sanarwa, Emeka?"

"Na ji, Malam. Amma mu ai gida ake kai mu."

Ba da raini ya faɗa ba, abin da ya sani ya gaya mini, ni ma ban ja maganar ba. Ba a daɗe ba dokar ta ci mutum na farko, wani tela mai suna Ayuba, yarensu ɗaya da Bulus. Baffansa ya rasu, matasa suka ƙi fita, sai da ya aika ƙauye 'yan uwa suka cika mota suka zo suka haƙa. Ayuba ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ya soma zuwa makabarta da shebur ɗinsa. Na ga doka ta yi aikinta, na yi shiru.

Mahaifin Emeka, wanda kowa ke kira Baban Emeka, ya zo Bauchi tun yana saurayi, yana sayar da kayan gini a Gwallaga. Digogin da masu haƙa ke aiki da su ma daga shagonsa suka fito, kyauta ya ba da. Abin da matasa ba su sani ba, ni ma na manta, shi ne yana da 'ya a makabartarmu. Ta rasu tana ƙarama, kafin a haifi Emeka, su kuma a al'adarsu ba sa kai gawar ƙaramin yaro gida. Ranar Lahadi aka haife ta, maƙwabta suka sa mata Ladi, sunan ya bi ta har kan dutsen kabarinta. Da bazarar wannan shekara tsohon ya kwanta ciwo bai tashi ba. Muka je gaisuwa muna jiran a soma zancen mota, sai matarsa ta ja ni da fasto gefe, ta yi mana magana da Hausarta ta kasuwa.

"Baba ya ce kar a kai shi gida. Ya ce a sa shi kusa da Ladi. Ya ce yaron ya daɗe shi kaɗai."

Danginsa na kudu sun yi ta faɗa a waya, ta tsaya a kan maganar mijinta, daga ƙarshe suka haƙura suka ce suna tafe. Aka tsayar da Asabar. Muna fitowa daga gidan fasto ya dube ni.

"Malam Danladi, sai a shirya matasa."

"Fasto, akwai dokar nan fa."

"Na sani. Ai kai ne shugabansu."

Na je wurin dattawa, suka ce maganar matasa ce, su ba za su sa baki ba. Ɗaya daga cikinsu ya raka ni har bakin titi ya ce a nemo leburori a asirce, magana ta mutu. Na ce masa a Yelwa ba a yin asiri da rami, kafin ramin ya kai gwiwa labari ya isa Gwallaga, matar nan ta ji cewa mutumin da ya tsufa a cikinmu baƙi ne suka haƙa masa.

Da yamma Bulus ya dawo daga aiki ya wanke hannu, mahaifiyarku ta zuba mana tuwo a kwano ɗaya kamar kullum. Na bari ya ci rabi tukuna.

"Ka ji maganar Baban Emeka?"

"Na ji."

"Juma'a za a haƙa."

"Su wa?"

"Ku."

Ya cire hannunsa daga kwanon.

"Yaya, kai ka sanar da dokar nan da bakinka."

"Ni na sanar. Lokacin ban san akwai ɗan kudun da zai so ƙasar Bauchi ba. Mutumin nan shi ya ba ku digogin."

"Ya ba mu, mun gode. Ɗansa muka roƙa. Har shago na je na ce Emeka ya fito ko sau ɗaya ne, ko kwano ya ɗauka. Dariya ya yi. Ayuba fa? Da muka ƙi Ayuba me ka ce?"

"Ayuba yana da ƙauye a bayansa. Waɗannan ba su da kowa a nan sai mu."

"Ayuba ba shi da shago a Gwallaga, shi ne bambancin. Haka yaran za su gani, ni ma haka na gani."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Mahaifiyarku tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ce mu ci abinci kada ya huce. Ba wanda ya ƙara ci. Da ya fita ta zo ta ɗauki kwanon.

"Malam, ƙanina ba ya janye magana. Tun yana yaro haka yake."

"To me kike so in yi, Saratu? In bar mutum a waje?"

"Ban ce ka bar shi ba. Abin da zai biyo baya nake gaya maka, don kada ka ce ba ka sani ba."

Ba zan ce muku Bulus ba shi da gaskiya ba. Ya ɗauki nauyin da wasu suka ƙi ɗauka shekara da shekaru, ya kafa doka ɗaya tak don a raba nauyin, ya zartar da ita a kan ɗan uwansa, sai ga shi an ce ya janye ta saboda mai shago. Na auna wannan duka. Na kuma auna ɗaya gefen, tsohon da ya zaɓi ƙasarmu a kan tasa, ya ɓata da danginsa a kan haka, mu kuma mu mayar masa da cewa ɗansa bai cika sharaɗi ba. Ni aka ba shugabanci, dattawa da fasto duk sun janye jiki, dole wani ya yanke. Ranar Laraba bayan addu'ar yamma na tara masu haƙa na ce musu a matsayina na shugaba na ɗage dokar a kan wannan gawa, Juma'a a fito. Duk suka dubi Bulus, shi kuma yana duban ƙasa.

Washegari da safe na buɗe ƙofa zan tafi makaranta sai na ga baro a ƙofar gida. An sauke digogi da shebura da kwanoni, an wanke su tas, an kwantar da su a ƙasa a jere. Na gane abin da ake nufi: wanda ya ga zai iya ya ɗauka. Ɗakin Bulus a buɗe yake, babu katifa, babu akwatinsa.

Na aika wa mawaƙa da masu bishara. Ranar Juma'a waɗanda suka fito ba su kai rabin waɗanda suka yi alkawari ba, amma sun fito. Akwai mai kaɗa jita, akwai wani ɗalibi mai tabarau da ya zo da takalmin ƙwallo, akwai mai ganga, wanda shi kaɗai ne hannunsa ke da ɗan kanta. Emeka ya riga kowa zuwa, da gajeren wando, idanunsa jawur. Ina juyowa na ga ya ɗauki diga.

"Ajiye, Emeka."

"Malam, babana ne."

"Shi ya sa. Je ka gida ka ce a dama kunu, ka kawo da kanka."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya miƙo mini digar. Na ce ya kwantar da ita a ƙasa. Ya kwantar, na sunkuya na ɗauka, ranar na soma shiga rami. Mun auna da sanda a gefen kabarin Ladi, muka ja layi da ƙafa. Jar ƙasar sama ta zo da sauƙi har yaran suka tayar da waƙa, da muryoyi hawa-hawa yadda suka saba. Da muka iso marmara waƙar ta tsaya da kanta. Kafin rana ta take tafin hannuna ya yi bororo, bororon ya fashe, na yage tsohon ɗankwalin mahaifiyarku da ta ƙunso mini abinci a ciki na ɗaure hannuwan. Mai jita yana kallon yatsunsa kamar an yi masa sata. Ɗalibin nan ya yi amai a gindin dogon yaro, ya kurkure baki ya dawo. Emeka ya kawo kunu a bokiti a kansa tun daga bakin titi, yana bin mu ɗaya-ɗaya da kofi. Biyu daga cikin yaran Bulus sun zo sun tsaya a inuwa suna kallo, ba su taɓa komai ba, ba su kuma yi dariya ba, na gode musu da wannan. Rana ta faɗi ba mu gama ba, sai da muka dawo da asubar Asabar.

Ramin ya kai zurfin da ake so, amma kowa ya yi ta bin gefen da ya fi masa laushi, sai ya tafi a karkace, sama da faɗi, ƙasa a matse. Mu da muka haƙa ba mu lura ba. Dangin sun zo da babban akwati mai hannuwan ƙarfe, irin wanda suka saba da shi a kudu. Da aka zo saukarwa sai wajen ƙafa ya maƙale. Aka ɗaga, aka sake, ya sake maƙalewa. Dole aka fito da shi aka ajiye a gefe, na tuɓe babbar rigata na shiga ramin da wandon coci ina sassaƙe bango, jama'a suna tsaye a rana. Fasto ya ce mawaƙa su riƙe mutane da waƙa, ya manta mazan mawaƙan suna tare da ni suna kwashe ƙasa, sai 'yan matan suka yi ta maimaita baiti ɗaya. Da na ɗaga kai daga cikin ramin na hango Bulus can nesa a gindin dogon yaro, cikin farin kaftani, ya harɗe hannu. Ya zo jana'iza kamar kowa. A karo na uku akwatin ya sauka. Da aka watse Maman Emeka ta kama hannuwana biyu da ɗaurinsu.

"Malam, ka sa shi kusa da Ladi. Allah ya gani."

Abin da mahaifiyarku ta faɗa ya biyo baya daidai. Masu haƙa ba su sake haɗuwa ba. Na yi ƙoƙarin tayar da rukunin da mawaƙa, suka yi biyu ko uku suka gaji, ban ga laifinsu ba. Mutuwar da ta zo bayan nan dattawa suka kira leburori a fili, ba wanda ya ce komai, tun daga lokacin haka ake yi a cocinmu, yaran yanzu ma ba su san an taɓa yin wani abu dabam ba. Bulus ya kama ɗaki a Miri, ya koma wata ƙaramar majami'a a can, ya yi aure ban tsaya masa a matsayin uba ba, wani dattijon unguwarsu ne ya tsaya. Idan mun haɗu a hanya yakan gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya kira ni Malam. Kiran Yaya ya ƙare tun ranar tuwon nan. Wannan ya yi mini ciwo fiye da rasa rukunin, yana kuma yi mini har yau. Ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi. Mahaifiyarku ta zauna tsakaninmu duk tsawon shekarun, ba ta taɓa ce mini in je in ba shi haƙuri ba, ba ta kuma taɓa ce masa ya shigo ba. Takan dai dafa abinci da yawa ranar da take tsammanin zuwansa, ta kai masa ƙofa a kula. Na ƙarasa wa'adina na miƙa shugabancin ga wani. Idan da za a mayar da ni ranar Larabar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Sauran kun gani da idanunku bara, sai dai ba ku san abin da kuke kallo ba. Da mahaifiyarku ta rasu, kai Istifanus kana ta waya daga Abuja kana neman wanda zai haɗa mu da leburori, ke Rahila kina lissafin kujeru da rumfa. Da safe aka ce mana kada a kira kowa, an riga an fita. Emeka ne, yanzu da tumbinsa da furfurarsa, shi ke riƙe da shagon mahaifinsa. Ya rufe shagon, ya ɗebo sababbin digogi, ya tattaro tsofaffin mawaƙan nan, har da mai jita da ya taso daga Jos, da Ayuba tela da shebur ɗinsa. Ni ba ni da damar taɓa diga, matata ce. Bulus ma ba shi da dama, yayarsa ce. Kun ga kawunku ya ɗauki bokitin kunu daga hannun matan zumunta ya sa a ka, kun ce a kira keke, ya ƙi. Na bi shi a baya. Ya sauke bokitin a bakin rami, ya cika kofi, ya tsuguna ya miƙa wa Emeka da ke ciki. Emeka ya sha ya mayar da kofin. Bulus ya dubi bangon ramin daga sama har ƙasa.

"Ka ƙara sassaƙe wajen ƙafa."

"To, Kawu," in ji Emeka.

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan.

Duk kwanakin zaman makoki a rumfar waje ya zauna, bai shigo ba. Ranar da aka tashi, ku kun tafi raka baƙi tasha, muka rage ni da shi a kan benci ɗaya, yara suna kwashe kujeru. Ya yi mini magana yana kallon titi.

"Har gobe ni ke da gaskiya."

"Ban zauna don musu ba, Bulus. Tambaya gare ni. Idan tawa ta zo, leburori za a kira?"

"Wa gidanka ya taɓa turowa haƙa, bayan na bar shi?"

Na duba, babu. Kai Istifanus makaranta ta ɗauke ka, daga ita sai aiki, ba ka taɓa riƙe shebur a makabarta ba, ni kuma ban taɓa tura ka ba. Bisa dokar da na sanar da bakina, gidana ba shi da wanda zai nema.

"Babu kowa," na ce.

Ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya tafi wurin babur ɗinsa ya cire shi daga tsayuwa. Na ɗauka amsar ke nan. Sai da ya hau sannan ya juyo.

"Kai ka shiga sau ɗaya, na gani. A karkace yake, amma rami ne. Idan ina da rai kada a kira lebura, Yaya."

Ya tayar da babur ya nufi Miri. Har yau bai shigo gidan nan ba, ban kuma matsa masa ba. Saboda haka idan lokacin ya yi, kafin ku kira masu rumfa, kafin ku kira fasto ma, ku kira kawunku. Bayansa ya soma ciwo, zai ce lafiyarsa ƙalau, kada ku yi masa musu, kada kuma ku miƙa masa diga a hannu. Ku dama kunu da yawa, ku ɗauka a kanku ku kai masa bakin ramin.